TARIHI: Roger Revelle, masanin tekun da aka yi shari'a kan ra'ayinsa bayan ya mutu

A daren 13 ga Oktoba, 1992, a birnin Atlanta na Amurka, mutum uku da ke neman kujerar mataimakin shugaban ƙasa suka tsaya gaban na'urorin talabijin domin muhawara. Ana cikin fafatawa sai ɗaya daga cikinsu, tsohon babban hafsan sojan ruwa James Stockdale, ya juya ga Sanata Al Gore ya tunkare shi da wani batu da ya ce ya karanta: wai malamin da Gore ke tinƙaho da shi, wanda ya fara buɗe masa ido kan ɗumamar duniya, shi kansa bai goyi bayan matakan da ɗalibin nasa ke kira a ɗauka ba. Gore ya amsa da cewa an yanko maganar malamin ne aka raba ta da muhallinta. Malamin kuwa ba shi da bakin raba gardama, domin ya yi wata goma sha biyar da mutuwa.

Sunansa Roger Revelle. Shi ne mutumin da a 1957 ya gano dalilin da zai hana teku shanye duk hayaƙin da ɗan Adam ke turawa sama, shi ne kuma ya ɗauko matashin da ya fara auna wannan hayaƙi a kullum ba fashi. Duk da haka, wata guntuwar maƙala da ta fito da sunansa wata uku kafin mutuwarsa ta zama makami a hannun masu cewa babu abin gaggawa a lamarin, har ta kai ga kotu.

An haifi Revelle a ranar 7 ga Maris, 1909, a birnin Seattle, ya tashi a Pasadena ta jihar Kalifoniya. Ilimin duwatsu da ƙasa ya karanta a Kwalejin Pomona, inda ya kammala a 1929, daga nan ya wuce Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Shigarsa harkar teku ta zo ne ta wata ƙaramar kafa. Cibiyar Nazarin Teku ta Scripps da ke La Jolla, wadda a lokacin ƙaramin wuri ce mai 'yan ma'aikata, tana neman wanda zai bincika laka da aka kwaso daga ƙarƙashin teku a jirgin bincike mai suna Carnegie, jirgin da ya ƙone a tsibirin Samoa a 1929. Revelle ya karɓi aikin a 1931, shekarar da ya auri Ellen Clark, wadda jika ce a gidan Scripps, attajiran jarida da suka ba cibiyar dukiyarsu da sunansu. Wannan aure ya bi shi tsawon rayuwarsa, domin abokan hamayya ba su daina yi masa gori da shi ba. Ya sami digirin digirgir a 1936.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da shi babban mutum. Ya shiga rundunar sojan ruwan Amurka a matsayin masanin teku, a daidai lokacin da rundunar ta fahimci cewa farautar jiragen ƙarƙashin ruwa da sauke dakaru a gaɓa suna buƙatar sanin zafin ruwa da yadda sauti ke tafiya a cikinsa da halin raƙuman ruwa. A 1946, da Amurka ta gwada bama-baman nukiliya a tsibiran Bikini na Tekun Pasifik, Revelle ne ya jagoranci ayarin masanan da suka bi sawun abin da fashewar ta yi wa ruwa da halittun cikinsa. Mutanen Bikini da aka kwashe daga tsibirinsu domin wannan gwaji har yau ba su koma zama na dindindin ba. Ya kamata a faɗi wannan, domin kimiyyar da daga baya ta tona asirin ɗumamar duniya da kuɗin soja aka rene ta, kuma tambayar da ta fara kai Revelle ga sanin yadda ruwan sama-sama ke cuɗanya da na can ƙasa ita ce ko za a iya zubar da sharar nukiliya a teku ba tare da ta dawo ba.

Da aka zo naɗa shi shugaban Scripps a farkon shekarun 1950, wasu manyan malaman cibiyar suka rubuta takardar ƙin amincewa. Hujjarsu ita ce ba shi da tsari: wasiƙu na taruwa a teburinsa ba amsa, alƙawari na wuce lokacinsa, aiki na kwana a hannunsa. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, kuma wannan hali na jinkirta abin da ba ya so maimakon ya ce a'a zai dawo ya yi masa illa bayan shekara arba'in. Amma an naɗa shi, ya kuma mayar da cibiyar mai jiragen ruwa da ke ratsa Pasifik wata da watanni. A irin waɗannan tafiye-tafiye ne shi da Arthur Maxwell da Baturen Ingila Edward Bullard suka auna zafin da ke fitowa daga ƙarƙashin teku, suka same shi ya fi abin da ake zato, sakamakon da ya taimaka wajen tabbatar da cewa ɓawon duniya na motsi.

Sakin layin da aka liƙa

Tunanin cewa iskar kabon dayoksaid na iya ɗumama duniya ya girmi Revelle. Masanin Suwidin Svante Arrhenius ya yi lissafinsa tun 1896, kuma a 1938 wani injiniyan Birtaniya, Guy Callendar, ya tattara alƙaluma ya ce ɗumamar ta riga ta fara. Yawancin masana ba su ɗauke su da muhimmanci ba, kuma shakkarsu tana da tushe. Teku na ɗauke da kabon da ya ninka na sararin sama kusan sau hamsin. Idan haka ne, duk abin da aka ƙona na kwal da fetur ɗigo ne da tekun zai haɗiye ba tare da an ji labarinsa ba. Wannan hujja ce ta kwantar da hankalin duniya rabin ƙarni.

A 1955 Revelle ya jawo Hans Suess, masanin sinadarai haifaffen Ostiriya, zuwa Scripps. Suess ya ƙware wajen amfani da wani nau'in kabon mai ruɓewa a hankali, wanda ake kira kabon 14, domin gane shekarun abu. Kwal da fetur sun daɗe a ƙasa har irin wannan kabon ya ƙare a cikinsu, saboda haka idan hayaƙinsu ya shiga iska yana sirka wanda ke can, kuma ana iya ganin alamar sirkin a jikin itatuwa. Da wannan dabara su biyun suka lissafa cewa ƙwayar iskar kabon kan yi kimanin shekara goma a sama kafin teku ya karɓe ta. A zahiri wannan sakamako ya ƙarfafa masu shakka ne, domin ya nuna tekun na sha da sauri.

Sai dai Revelle ya daɗe yana nazarin sinadaran ruwan teku, tun zamanin Bikini, kuma akwai abin da ya tsaya masa a rai. Iskar kabon in ta shiga ruwan gishiri takan rikiɗe zuwa wasu sinadarai, ta ƙara wa ruwan tsami, kuma gwargwadon ƙaruwar tsamin gwargwadon yadda ruwan ke mayar da wani kaso na iskar sama. A ƙiyasi, idan iskar kabon ta ƙaru da kashi goma cikin ɗari a sama, kabon da ke narke a saman teku da kashi ɗaya kacal zai ƙaru. Ga shi kuma ruwan sama-sama, mai ɗumi da rashin nauyi, ba ya saurin gauraya da ruwan zurfi mai sanyi. Cikakkiyar cuɗanyar na ɗaukar ɗaruruwan shekaru. Teku kamar katafaren gida ne mai ɗan ƙaramin zaure da siririyar ƙofar shiga ciki: komai faɗin tsakar gidan, baƙi a zaure za su cunkushe, wasu su koma waje.

Masanin tarihin kimiyya Spencer Weart, wanda ya duba takardun Revelle, ya nuna cewa wannan fahimta ta zo masa ne bayan an gama rubuta maƙalar. Maimakon ya sake ta daga farko, sai ya buga 'yan jimloli a wata takarda ya liƙa a jikin rubutun. Haka ta fito a mujallar Tellus a 1957, farkonta na kwantar da hankali, wani lungu nata na tayar da shi. A cikinta ne aka siffanta abin da ɗan Adam ke yi da wani gagarumin gwaji a kan duniya baki ɗaya, irin wanda ba a taɓa yi ba kuma ba za a iya maimaitawa ba, wato mayar wa sama cikin 'yan ƙarnoni abin da ƙasa ta adana cikin miliyoyin shekaru. Mutane kaɗan ne suka gane nauyin sakin layin da aka liƙa, sai da Bert Bolin da Erik Eriksson na Suwidin suka warware shi dalla-dalla a 1959. Har yau sunan Revelle ake kiran wannan ma'auni da shi.

Shi kansa a lokacin bai firgita ba. Kalmar gwaji a bakinsa ta masanin da ya ga abin sha'awa ce, kuma ya raina saurin da masana'antu da yawan jama'a za su bunƙasa. Abin da ya dame shi shi ne ana gardama kan abin da ba wanda ya auna da kyau.

A nan ne Charles David Keeling ya shigo. Matashi ne mai tsananin naci kan daidaiton awo, wanda Revelle ya kawo Scripps a 1956 domin shirin binciken duniya na haɗin gwiwa da aka gudanar a 1957 zuwa 1958. Su biyun ma sai da suka saɓa. Revelle na son a ɗebi samfurin iska a wurare da dama, a ajiye alƙaluman, a dawo bayan shekara ashirin a kwatanta. Keeling ya dage sai an kafa na'ura mai tsada da za ta riƙa awo dare da rana a wuri guda. Ra'ayin Keeling ne ya yi nasara, da taimakon Harry Wexler na hukumar yanayi ta Amurka, aka kafa na'urar a kan dutsen Mauna Loa na Hawai, mita kusan 3,400 sama da teku. A watan Maris na 1958 aka fara, iskar kabon na kusan kashi 315 cikin miliyan. Cikin 'yan shekaru layin ya nuna yana hawa. A yau ya haura 420. Da an bi shawarar Revelle, da sai ƙarshen shekarun 1970 za a san haka, kuma abin yabo ne a gare shi da ya bar yaronsa ya kayar da shi.

Daga Kalifoniya zuwa Harvard

Babban burinsa a waɗannan shekaru shi ne kafa sabon reshen Jami'ar Kalifoniya a San Diego. Ya yi ta zarya yana zawarcin manyan masana, ya kuma fito fili ya yaƙi wata al'adar masu gidaje a La Jolla ta ƙin sayar wa Yahudawa gida, yana mai nuna cewa ba za a yi jami'a a garin da malamai ba za su sami wurin zama ba. Ya yi karo da Edwin Pauley, attajirin mai kuma jigo a majalisar gudanarwar jami'ar, kan inda za a gina ta. Revelle ya ci gardamar fili, aka kafa jami'ar a 1960, amma da aka zo naɗa shugabanta na farko sai aka tsallake shi aka ɗauko Herbert York. Waɗanda suka san shi sun ce ciwon wannan bai bar shi ba.

Ya tafi Washington ya zama mai ba ministan cikin gida shawara kan kimiyya a gwamnatin John Kennedy. Da shugaban Pakistan Ayub Khan ya nemi taimako kan gonakin kwarin Indus da gishiri da tsattsafowar ruwa ke kashewa, Revelle aka ba jagorancin kwamitin, wanda ya ba da shawarar haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a yanki guda domin sauke ruwan ƙasa, tare da taki da ingantaccen iri. Wannan aiki ya karkata hankalinsa ga yunwa da talauci, har a 1964 ya koma Jami'ar Harvard ya shugabanci cibiyar nazarin yawan jama'a na shekara goma sha biyu. A ɗaya daga azuzuwansa ne wani ɗan sanata daga Tennessee, Al Gore, ya fara ganin layin Keeling.

A 1965 ya jagoranci ƙaramin kwamitin da ya rubuta wa Shugaba Lyndon Johnson sashen rahoto kan iskar kabon. Rahoton ya yi hasashen ƙaruwar kusan kashi 25 cikin ɗari zuwa shekarar 2000, ya ambaci narkewar ƙanƙara da tashin teku da ɗumamar ruwansa. Abin lura shi ne maganin da ya kawo: a duba yiwuwar watsa wasu ƙwayoyi masu ƙyalli a kan teku su mayar da hasken rana. Rage ƙona kwal da fetur bai shigo cikin shawarar ba. A 1983, cikin wani rahoton Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa, ya ƙiyasta cewa teku na iya tashi da kimanin santimita 70 cikin shekara ɗari, wani ɓangare saboda narkewar ƙanƙara, wani kuma saboda ruwa in ya ɗumama yana kumbura.

Duk wanda zai yi wa Revelle adalci dole ya ambaci 1988. A bazarar wannan shekara James Hansen na hukumar NASA ya shaida wa majalisar dattawa cewa ɗumamar ta riga ta bayyana. Revelle ya rubuta wa Sanata Tim Wirth da wani ɗan majalisar wakilai wasiƙu yana jan hankali cewa kada a yi saurin danganta zafi da farin wannan shekara ga iskar kabon, yana ganin sai an ƙara shekara goma zuwa ashirin ana awo kafin a tabbatar. Wasiƙun na nan, kuma magoya bayansa da ke son ɓoye su ba su yi masa gata ba. Mutum ne da ba ya yarda alƙalami ya wuce ma'auni.

Maƙalar Cosmos

A watan Fabrairun 1990 ya gabatar da jawabi a taron ƙungiyar masana kimiyya ta Amurka a New Orleans. Ya ce akwai kyakkyawar yiwuwa, ko da ba tabbas ba, cewa yanayi zai ɗumama sosai a ƙarni mai zuwa, ya kuma jero matakan da ya kamata a fara: tsimin makamashi, komawa ga iskar gas da nukiliya a madadin kwal, faɗaɗa dazuzzuka. Bayan jawabin wani masanin kimiyyar lissafi da sararin samaniya, Fred Singer, ya same shi da tayin su rubuta maƙala tare. Singer ba ƙaramin masani ba ne, shi ne shugaban farko na sashen taurarin ɗan Adam masu lura da yanayi na Amurka, amma ya riga ya yi suna wajen ƙalubalantar ƙa'idojin kare muhalli, daga ruwan sama mai tsami zuwa hujin da ya bayyana a rufin iskar ozon. Revelle ya amsa. A hanyarsa ta komawa gida ciwon zuciya ya buge shi, aka wuce da shi asibiti aka yi masa babban aiki, wasu cututtukan suka biyo baya. Yana da shekara 80 lokacin da ciwon zuciyar ya buge shi.

Singer ya rubuta daftari ya aika, ya sake aikawa. Sakatariyar Revelle ta shaida daga baya, cikin rantsuwa, cewa maigidan nata kan tura daftarin ƙarƙashin tarin takardu domin kada ya gan shi. A Fabrairun 1991 Singer ya zo La Jolla da kansa da shafukan gwaji na ɗab'i, suka zauna sa'o'i. Daga nan labarin ya rabu biyu. Singer ya ce ya tarar da dattijo mai kaifin hankali wanda ya bi rubutun layi-layi ya yi gyare-gyare da hannunsa. Justin Lancaster, ɗalibin Revelle kuma mataimakinsa a koyarwa, ya ce a lokacin malamin nasa ba ya iya tattara hankali fiye da kimanin minti ashirin, kuma an zaunar da shi ne har ya gaji.

Akwai shaida guda da ba ta dogara da bakin kowa ba, wato shafin gwajin kansa, wanda masana tarihi Naomi Oreskes da Erik Conway suka yi bayaninsa a littafinsu na 2010. Daftarin ya ce ɗumamar da ake sa ran gani a ƙarni mai zuwa ba za ta kai digiri ɗaya ba, ƙasa da bambancin da ake samu tsakanin shekara da shekara. Revelle ya rubuta a gefe cewa digiri ɗaya zuwa uku ne. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ita ce gardamar baki ɗayanta, domin digiri uku ya zarce duk wani sauyin da wayewar ɗan Adam ta taɓa gani. Da maƙalar ta fito a watan Afrilun 1991, a wata ƙaramar mujalla mai suna Cosmos ta wani kulob ɗin manya a Washington, babu alƙalamin Singer babu na Revelle, amma jimlar da ke cewa ɗumamar 'yar kaɗan ce, ƙasa da bambancin shekara da shekara, tana nan daram. Sunaye uku ne a kanta: Singer, Revelle, da Chauncey Starr, wanda ya kafa cibiyar bincike ta kamfanonin wutar lantarkin Amurka. Saƙonta shi ne tushen kimiyyar bai yi ƙwarin da zai sa a ɗauki tsauraran matakai yanzu ba. Wani abin kuma, yawancin rubutun ya riga ya fito a wata mujallar a 1990 da sunan Singer shi kaɗai.

Revelle ya mutu a ranar 15 ga Yuli, 1991, a San Diego, yana da shekara 82, watanni bayan Shugaba George Bush babba ya ba shi lambar yabo ta ƙasa kan kimiyya. Maƙalar ta kwanta shiru har 1992, shekarar taron muhalli na Rio da kuma zaɓen Amurka, lokacin da Gore ya fitar da littafin da ya yaba wa malaminsa a ciki, aka kuma tsayar da shi takara. Marubuci Gregg Easterbrook ya tono ta, George Will ya ɗauka a shafinsa da jaridu da dama ke bugawa, daga nan ta isa dandalin muhawarar Atlanta. 'Yar marigayin, Carolyn, ta rubuta a jaridar Washington Post cewa tsauraran matakan da mahaifinta ke ƙi su ne masu cin tiriliyoyin daloli, amma har ya mutu yana kira a fara matakan hankali nan take. Tsofaffin abokan aikinsa Walter Munk da Edward Frieman su ma suka fito suka kare shi.

Lancaster ya fi kowa zafi. Ya nemi a cire sunan Revelle daga maƙalar da za a sake bugawa a wani littafi, ya kuma zargi Singer a fili da cin amanar dattijo marar lafiya. Gore ma ya tuntuɓe shi kan batun, abin da ya ba Singer damar cewa siyasa ce ke neman goge abin da masani ya sa wa hannu. Singer ya kai ƙarar ɓata suna. Lancaster, wanda ba shi da kuɗin doguwar shari'a, ya sa hannu a takardar janye kalamansa a 1994.

Idan aka auna shaidun, babu ɓangaren da ya fita fes. Revelle ya sa sunansa, ba wanda ya ƙirƙira masa sa hannu, kuma wata uku da ya yi a raye bayan fitowar maƙalar bai fito ya barranta da ita ba. Taka-tsantsan ɗin da ke cikinta ma ba baƙo ba ne a gare shi. Amma cewa ya tuba daga kimiyyar da ya gina ƙarya ce da rubutun hannunsa a gefen shafi ya ƙaryata, haka ma jawabinsa na New Orleans. Shakkar Revelle tana da wa'adi da sharaɗi: a ƙara shekara goma zuwa ashirin ana awo, sannan a yanke hukunci. Waɗanda suka ari sunansa sun riƙe shakkar, suka yar da wa'adin.

Wa'adin kuwa ya cika, kuma daga teku amsar ta fito. A 2000 Sydney Levitus da abokan aikinsa suka tattara miliyoyin tsofaffin awo suka nuna tekunan duniya sun ɗumama tun tsakiyar ƙarni. A daidai lokacin aka fara shirin Argo, wanda masanan Scripps na cikin jagororinsa: na'urori kusan dubu huɗu da ke yawo a tekuna, kowace ta nutse zuwa mita 2,000 ta taso duk kwana goma ta aika da zafin ruwa da gishirinsa ta tauraron ɗan Adam. Abin da aka gano shi ne fiye da kashi 90 cikin ɗari na rarar zafin da duniya ke tarawa a teku yake shiga. Tekun na karɓar kimanin rubu'in iskar kabon da ake fitarwa, ba dukkanta ba kamar yadda aka yi zato kafin 1957, kuma tsaminsa na ƙaruwa. Tsakanin 1901 da 2018 ya tashi da kimanin santimita 20. Ko a shekarun bayan 1998, da aka yi ta yayata cewa ɗumamar ta tsaya saboda zafin iska ya rage saurin hawa, zafin cikin teku bai daina ƙaruwa ba.

Mazauna nesa da gaɓa ma abin ya shafe su. Farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 an daɗe ana ɗora laifinsa a kan makiyaya da manoma, wai kiwo da saran itace ne suka kori ruwa. Binciken Chris Folland da abokansa a 1986, da na Alessandra Giannini a 2003, sun nuna cewa babban abin da ke juya damina a wannan yanki shi ne yanayin zafin saman tekunan Atlantika da Indiya.

Ba a ce masanan ba sa kuskure. A 2006 wani bincike ya ba da rahoton cewa teku ya fara sanyi, masu musun ɗumama suka yi ta murna, sai marubutan da kansu suka gano cewa wasu na'urorin ne ke ba da awo marar kyau, suka gyara a 2007. A 2018 kuma mujallar Nature ta buga wani bincike da ya ce tekun na ɗumama fiye da yadda ake zato. Cikin 'yan kwanaki wani Baturen Birtaniya mai suna Nicholas Lewis, wanda ba malamin jami'a ba ne kuma an san shi da sukar hasashen masana yanayi, ya gano kuskure a lissafin. Ɗaya daga marubutan, Ralph Keeling na Scripps, ɗan wancan Keeling da Revelle ya ɗauka aiki, ya fito ya amsa laifin ya gode masa. An janye maƙalar a 2019, aka sake buga ta a wata mujallar da gyararren lissafi.

Lancaster ya jira har 2006, shekarar da fim ɗin Gore kan sauyin yanayi ya sake dawo da sunan Revelle bakin duniya, sannan ya sanar da cewa ya janye janyewar da ya yi, ya kuma wallafa takardun shari'ar, ciki har da rantsuwar sakatariyar. Singer bai sake kai shi kotu ba, bai kuma sauya labarinsa ba har ya mutu a 2020 yana da shekara 95.